Ku Tambayi Kawu: finafinan Assam, inda hanyar makaranta ta fi ajin labari

Assalamu alaikum jama'a. Sati biyu da suka wuce na yi wani ɗan tsokaci a can ƙasan shafin nan, layi uku ne kacal, na ce cikin duk finafinan Indiya da na kalla a 'yan shekarun nan babu wanda ya zauna min a rai kamar wani ɗan ƙaramin fim na yaren Assam mai suna Village Rockstars, labarin wata yarinyar ƙauye 'yar shekara 10 da ta ƙwallafa rai a kan jita. Ashe na sosa muku inda yake ƙaiƙayi, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu tambaya suke wasu kuma faɗa suka zo yi min. Na tsinci shida a ciki, sauran a yi haƙuri shafin ne ba zai ɗauka ba.

Daga wani ɗalibin sakandare: "Kawu barka da aiki. Dan Allah wai ina ne Assam ɗin nan? Ni fa tun tasowata na ɗauka Indiyanci yare ɗaya ne, kuma duk fim a Bombay ake yin sa."

Ɗana ba kai kaɗai ba ne, da yawanmu a haka muka girma. Assam jiha ce a can arewa maso gabashin Indiya, in ka duba taswira za ka ga yankin kamar maƙala shi aka yi da sauran ƙasar ta wani siririn zirin ƙasa da faɗinsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, su kansu Indiyawan wuyan kaza suke ce masa. Tana iyaka da Bhutan da Bangaladash, birninsu mafi girma Guwahati. Ƙidayar 2011 ta ba jihar mutum miliyan 31 da ɗoriya, masu yaren Assam ɗin kuma wajen miliyan 15, yare ne mai zaman kansa da rubutunsa, ba Hindi ba ne. Kusan rabin ganyen shayin da Indiya take nomawa daga can yake fitowa. Sai kuma kogin Brahmaputra wanda shi ne ubangidan kowa a jihar, shi yake ba su kifi da shinkafa, shi ne kuma yake cinye musu gona da gida duk damina. Riƙe sunan kogin nan, za ka yi ta cin karo da shi a ƙasa.

Harkar fim kuwa sun daɗe a ciki. Fim ɗinsu na farko Joymoti tun 1935 ya fito, wani marubuci mai suna Jyoti Prasad Agarwala ne ya yi shi, a cikin gonar shayin danginsa ya kafa ɗan sutudiyonsa na wucin gadi, kuma asara ya tafka. Yarinyar da ta ja fim ɗin, Aideu Handique, 'yar ƙauye ce, da ta koma gida sai gari ya juya mata baya saboda ta kira wani namiji mijinta a gaban kyamara, har ta rasu a 2002 ba ta yi aure ba. Kaga tun ranar farko maganar yarinyar ƙauye da bakin mutanen gari tana cikin jinin fim ɗinsu.

Wani abu kuma da zai taimake ka fahimtar me ya sa maganar makaranta take da zafi a wurinsu: a 1836 Turawan mulkin mallaka suka cire yarensu daga makarantu da kotuna suka sa Bengali, sai 1873 aka dawo musu da shi. Shekara 37 yaro yana shiga aji ana koya masa da bakin da ba na uwarsa ba. Ba su manta ba.

Daga wata 'yar'uwa da ta ce a sakaya sunanta: "Haba Kawu, wallahi ka cuce ni. Na ƙona data na nemo fim ɗin da ka yaba, babu rawa babu waƙa, babu akta babu bos, yara ne kawai suna yawo a gona, minti ashirin barci ya kwashe ni. Ina labarin yake?"

Hhhh 'yata ki yafe min datar. Amma bari in faɗa miki gaskiya, nima karon farko sai da na yi ta tura shi gaba ina neman inda za a fara rikici, na kashe na kwanta. Ƙaramar 'yata ce ta sa na koma, washegari na tarar ta yanka kwalin taliya ta zana masa tsirkiya da biro tana kaɗawa a tsakar gida, ashe ita ta tsaya ta kalla a bayana. Na ce to abin da yarinya ta gani ni ban gani ba dole akwai shi.

Labarin yana nan, sai dai ba ihu yake yi ba. Dhunu sunan yarinyar, ubanta ya rasu a ambaliya saboda bai iya ruwa ba, uwarta ce take riƙe da gidan da saƙa da ɗan noma. Ita da wasu yara maza sun haɗa ƙungiyar kiɗa ta ƙarya, jitarsu ta farin soson nan ce irin wanda ake tallafe rediyo da shi a cikin kwali, su yanka shi su tsaya suna kaɗa iska kamar gaske. Tana hawa bishiya ta tsinko wa mutane tamul, wani ɗan itace ne da suke taunawa kamar yadda ake cin goro, a ba ta 'yan silalla ta adana, wai jitar gaske za ta saya. Sai ruwa ya zo. Ba wani kiɗan tashin hankali aka sa ba, kawai za ki ga gonar da jiya ake tafiya a kan kunyarta yau kwale-kwale ake tuƙawa a kai, ana neman inda za a kai dabbobi, kuma babu mai kuka don abin na kowace shekara ne.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda uwar take koya mata ninƙaya. Ki tuna yadda uban ya mutu, sai ki gane wannan ba wasan ruwa ba ne, darasi ne da ya fi duk wanda za a rubuta mata a allo. Haka da matan gari suka taso wai yarinya ta fara girma tana hawa bishiya da maza, uwar ba ta yi dogon jawabi ba, ta dai tsaya wa 'yarta. Daga baya Dhunu ta fara al'ada aka yi mata bikin da suke kira tuloni biya, aka naɗa mata tufafin manya aka zaunar da ita kamar amarya, kina kallon fuskarta kin san lissafi take, shin gobe za a bar ni in koma cikin abokaina ko shikenan.

Wataƙila ki ce ina ilimi a ciki, don ni a wurina fim ne na neman ilimi. Ai ba a aji yake ba. Za ki ga yaran da yunifom suna tafe a kan hanya, hanyar ce ake nuna miki fiye da ajin. Sannan abin da ya kunna mata wutar burin nan karatu ne, wani ɗan littafin zane da ta gani da kuma guntun jarida da ta karanta inda aka ce in mutum ya sa abu a ransa da gaske zai same shi. Mu manya mun san maganar jaridar nan rabinta yaudara ce, amma ki duba, abu na farko da iya karatu ya ba yarinyar nan ba aiki ba ne ba satifiket ba, kwaɗayin abin da babu shi a ƙauyensu ne. Ko alheri ne ko wahala ce aka jawo mata, fim ɗin bai yanke miki hukunci ba.

Minti 87 ne duka. An fara nuna shi a bikin finafinai na Toronto a 2017, a 2018 ya ci kyautar fim mafi kyau na ƙasar Indiya gaba ɗaya, ya doke duk manyan Bombay da kuɗinsu, Bhanita Das da ta fito a Dhunu ta ci kyautar yara, kuma shi Indiya ta tura gasar Oscar. Ki sake gwadawa da rana ba bayan tuwon dare ba. Ƙarshen kuwa ba zan faɗa miki ba.

Daga wani malamin firamare mai ritaya: "Malam marubuci, na yi shekara 33 ina riƙe da alli a makarantun karkara. Ina so in san ko a cikin finafinan nan akwai wanda ya taɓo malami da makaranta kai tsaye, kuma shin halin makarantun nasu haka yake a zahiri ko ƙarin gishiri ne?"

Allah ya ƙara girma Malam, Allah ya saka muku da alheri kan wannan shekaru. Akwai, kuma sunan da za ku riƙe shi ne Jahnu Barua, darakta ne da ya daɗe yana bin wannan layi tun kafin a haifi yaran Village Rockstars.

Wanda ya fi dacewa da tambayarku shi ne Firingoti na 1992, ma'anar sunan tartsatsi. An gina labarin a 1962 lokacin yaƙin Indiya da Sin, wata malama mai suna Ritu da mijinta ya rasu aka tura ta wani ƙauye can ƙurya, ta je ta tarar makarantar a takarda kawai take, ginin ya ƙone tun shekaru. Ta bi gida gida tana lallashin iyaye, ta fara da gindin bishiya. Abin da na tabbata zai sa ku murmushin takaici shi ne, sai da makaranta ta tsaya da ƙafarta sannan wani ɗan gari ya taso da maganar me zai sa baƙuwa ta riƙe wurin da ya kamaci ɗan ƙasa. Lokacin gindin bishiya babu wanda ya yi mata gardamar kujera. Moloya Goswami da ta fito a malamar ta ci kyautar jaruma mafi kyau ta ƙasa da shi.

Batun zahiri kuwa, a takarda Indiya ta yi ƙoƙari. Dokar 2009 ta wajabta karatu kyauta ga duk yaro daga shekara 6 zuwa 14, makarantun gwamnati suna dafa wa yara abincin rana, kuma ga gidan da tukunya ba kullum take hawa murhu ba wannan farantin shinkafar shi ne babban mai kiran yaro aji. A ƙidayar 2011 kashi 72 cikin 100 na mutanen Assam sun iya karatu da rubutu. A 2024 gwamnatin jihar ta fito da wani shiri mai suna Nijut Moina, ana ba 'yan matan da suka wuce aji 10 suka ci gaba rupi 1,000 duk wata, na jami'a fiye da haka, don a rage aurar da su da wuri. Amma Malam doka ba ta hana kogi cika. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa yana shanye hanyoyi, makarantar da ta tsira kuma ita ce take zama sansanin waɗanda gidansu ya nutse, azuzuwa su cika da tabarmi da tukwane da awaki, karatu sai ruwa ya janye. Akwai masu zama a tsibiran yashi na tsakiyar kogin da suke kira char, yau tsibiri yana nan da makarantarsa baɗi kogi ya zaizaye shi. Ga kuma 'ya'yan leburorin gonakin shayi, jikokin mutanen da Turawa suka kwaso daga tsakiyar Indiya, waɗanda har yau suna cikin na baya a karatu. To kun ga masu fim ba su ƙara gishiri ba, in ma wani abu ne ragewa suka yi.

Sai dai in za ku ba ni dama, finafinan Barua guda biyu da suka fi yi min magana a kan ilimi babu malami a tsakiyarsu. Na farko Halodhia Choraye Baodhan Khai na 1987, sunan daga wata waƙar yara aka ɗauko shi, wai tsuntsaye masu ruwan ɗorawa suna cinye shinkafa. Wani manomi ne Rakheswar, wani mai hannu da shuni ya taso ya ce gonar da yake nomawa jingina ce a hannunsa tun zamanin uban manomin, shi kuma ya san an biya amma ba shi da rasit. Takarda ɗaya tak. Saboda ita ya yi ta zarya ofis ofis ana tatsar sa, shanun nomansa suka tafi, ɗansa ya koma yi wa wani aikatau. Babu inda aka tsaya aka yi wa'azin ku sa 'ya'yanku a makaranta, amma duk wanda ya kalla ya ga yadda alƙalami yake yanka wanda bai iya riƙe shi ba. Shi ne fim ɗin Assam na farko da ya ci kyautar fim mafi kyau na ƙasa, ya kuma ci lambar yabo a bikin Locarno na Suwizalan a 1988, sai bayan shekara 30 Village Rockstars ya zama na biyu.

Na biyun kuma, wanda a wurina shi ne gagarabadau, Xagoroloi Bohudoor na 1995, wato teku da nisa. Wannan X ɗin nasu ba iks ba ce, daga maƙogwaro take fitowa kusa da kha ta Larabci. Wani tsoho ne Puwal ɗan fito a kogin Dihing, sana'ar da ya gada kaka da kakanni, yana riƙon jikansa maraya Hkhuman wanda ruwan nan ne ya ci ubansa. Burin tsohon guda ɗaya ne, yaron nan kada ya riƙe gora, ya yi karatu. Da kuɗin fiton yake wannan buri. Sai aka ce za a yi gada. Ga gari gada alheri ce, mara lafiya zai isa asibiti yaro zai isa makaranta ba sai ya jira kwale-kwale ba, amma ga Puwal ita ce ƙarshen abincinsa, wato ci gaban da yake nema wa jikansa shi ne dai ya zo ya karɓe abin da zai biya masa karatun. Bai tsaya nan ba, tsohon yana da wani ɗan da ya yi boko yana zaune a birni da iyalinsa, ya gayyace shi, tsoho ya tafi da murna da jikansa ashe maganar sayar da filin gado ce a ƙasa. Kun ga inda Barua ya sa wuƙar, ga ɗan da aka riga aka ba ilimin, ga abin da ya zama, kuma duk da haka tsohon bai fasa son jikan ya bi hanyar ba don ya san kogin ba shi da sauran gobe. Ni ban taɓa ganin fim da ya faɗi wannan magana da gaskiya irin haka ba, cewa iyayen karkara sukan tura ɗa makaranta suna sane sarai wataƙila sun tura shi kenan. Barua ya ci kyautar darakta mafi kyau na ƙasa da shi. In ɗaya kawai za ku kalla Malam, wannan ne.

Daga wata uwa mai 'ya'ya huɗu: "Kawu za a iya kunna wa yara su? Kuma mutanen Musulmi ne?"

Hajiya ba duka ba. Village Rockstars ki kunna hankalinki kwance, sai dai ki shirya amsa tambaya a kan bikin balagar nan. Tora na Jahnu Barua dama don yara aka yi shi. Akwai Ishu na 2017 na Utpal Borpujari, wani yaro ne da aka yi wa gwaggonsa sharrin maita aka kore ta daga gari ya shiga nemanta, yana da kyau amma ki zauna tare da su, don matsalar gaske ce a can har sai da majalisar jihar ta yi dokar hana farautar mayu a 2015. Bulbul Can Sing na 2018 kuwa, duk da mai Village Rockstars ce ta yi shi, ba na ƙanana ba ne, 'yan sakandare ne da soyayya da dukan da 'yan sa-ido na gari suka yi musu da mummunan abin da ya biyo baya. Ki fara kalla ke kaɗai.

Addini kuma, mafi yawa Hindu ne, amma wajen kashi ɗaya cikin uku na jihar Musulmi ne, da yawa daga mazauna tsibiran char ɗin da na ambata ma su ne. Iyalan da ke cikin finafinan da na lissafa dai galibi Hindu ne.

Daga wani da ya kira kansa Mai Faɗar Gaskiya: "Kawu mu daina yaudarar kai. Irin finafinan nan talaucin mutanensu suke ɗauka su kai wa Turawa a tafa musu a ba su kyauta. Su mutanen ƙauyen ma ba kallo suke ba."

Ɗan'uwa maganarka ba ta faɗi ƙasa banza ba, akwai finafinai a duniya da aka yi su don idon baƙo, za ka gane su da yadda kyamara take lasar tsumma da ƙuda kamar an samu nama. Kuma gaskiya ne a Assam ɗin ma ba irin waɗannan ne suke cika sinima ba. Wanda yake cika ta shi ne irin su marigayi Zubeen Garg, mawaƙin da da yawanku kun san muryarsa a waƙar Ya Ali ko ba ku san daga ina yake ba, ya rasu a Singafo a watan Satumba na 2025 jihar gaba ɗaya ta tsaya cak. Amma ka san wani abu? Ko shi da ya tashi yin fim ɗin kasuwa a 2019, Kanchanjangha, a kan me ya yi shi, a kan matashin da ya yi karatu ya zo jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati ya tarar kujerun na sayarwa ne, kuma ba ƙirƙira ba ce don a 2016 an kama shugaban hukumar ɗaukar ma'aikatan jihar kan wannan zargi. Wato ko ka bar fim ɗin masu kyauta ka koma na masu tafi da fito, maganar dai ita ce, mun sha wahala mun yi karatun, sai kuma me.

Inda na rabu da kai shi ne cewa don Turawa aka yi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, shin an nuna talakan yana da wayo da raha da laifinsa, ko kuwa abin tausayi ne kawai aka jingine a bango? Yaran Village Rockstars dariya suke yi kusan rabin fim ɗin, suna faɗa suna shiryawa, da karin harshen yankinsu na Kamrup suke magana ba ma daidaitaccen yaren littafi ba, wanda in baƙo kake nufi me ya dame ka da wannan. Haka Sandhyarag na 1977 na Bhabendra Nath Saikia, labarin yarinyar da aka kai birni aikatau tana ƙarama, ta tashi a gidan masu hali ta saba da rayuwarsu, da ta isa aure aka tattara ta aka mayar ƙauyen da yanzu ba ta iya zamansa ba. Wannan ba Bature aka yi wa ba, masu gidan Guwahati da suke da irin yarinyar a kicin aka yi wa, kuma shi Saikia malamin kimiyya ne da ya yi digirin digirgir a Landan, nasa ajin yake yi wa tonon silili.

Daga wata ɗalibar koyon aikin jarida: "Kawu da gaske ne mace ɗaya ce ta yi Village Rockstars ita kaɗai? Ni ma ina da labarin ƙauyenmu a raina amma ba ni da ko sisi."

Da gaske ne 'yata, kusan ita kaɗai. Rima Das sunanta, ba ta taɓa shiga makarantar fim ba, Mumbai, wato Bombay, ta tafi da niyyar zama 'yar wasan fim abin bai yiwu ba, a can ta yi ta kallon finafinan duniya har ta koya wa kanta. Ta sayi kyamara Canon 5D ta koma ƙauyensu Kalardiya kusa da Chhaygaon. Tana cikin ɗaukar fim ɗinta na farko ne ta ga wasu yara suna wasan kiɗa da kayan ƙarya, daga nan labarin ya samo asali. Ita ta rubuta, ita ta ba da umarni, ita ta riƙe kyamara, ita ta tace hoton, ita ce furodusa, kuma yaran duk 'yan ƙauyen ne babu wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamara.

Amma kar ki ji "ba kuɗi" ki ɗauka ba tsada. Abin da ba ta biya da rupi ba ta biya shi da lokaci, sama da shekara uku tana bin yaran nan, in hasken da take so bai zo ba ta haƙura sai gobe, ambaliyar da kika gani a fim ɗin ta gaske ce, jiranta ta yi ta zo sannan ta shiga ruwan da kyamararta. Kuma ki lura da sauti, cikin kyaututtuka huɗu da fim ɗin ya ci a matakin ƙasa ɗaya ta ɗaukar sauti a lokeshin ce, Mallika Das ta karɓe ta, kukan kwaɗi da saukar ruwa a kan kwano da takun ƙafa a taɓo su ne kiɗan fim ɗin. Masu farawa da yawa duk kuɗinsu a kyamara yake ƙarewa su manta da makirfo, hoto mai ɗan duhu ana yafe shi amma magana in ba a ji ta shikenan an tashi.

Ta koma wa yarinyar ma daga baya, Village Rockstars 2 ya fito a 2024 ya ci lambar yabo a bikin Busan na Koriya ta Kudu, Dhunu ta zama budurwa, Bhanita Das ɗin ce dai ta sake fitowa. Ki turo min labarin naki a shafi ɗaya kada ya wuce, ki rubuta min wace ce yarinyar, me take so, da nisan gidansu da makaranta.